Dutsen Niƙa a Tsibirin Yashi

Tun da muka dawo daga gaɓar tekun Lis, babu zaman shayin da zan je a Jarwal, unguwarmu a Makka, ba a ce in ba da labari ba. Na kuma lura cewa duk bayarwa ruwan ƙara zurfi yake yi, musamman in Bakur direba ne ya riga ni buɗe baki. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta. Sai dai in faɗi gaskiya tun farko: ɗan littafin da nake rubuta abubuwan hanya a ciki ya jiƙe ranar dawowa, tawada ta narke, shafi uku kawai ke karantuwa. Sauran daga ka nake ɗauko su, kai kuwa ba ya rasa mantuwa. Inda na yi shakka zan ce na yi shakka.

Dalilin tafiyar Kawu Sule ne, yayan mahaifiyata, mai tsiren nan na bakin kasuwar Jarwal, tsiren da Larabawa ke ce wa siriya. Shekara arba'in da wani abu da suka wuce, yana saurayi, ya taso daga Gaya ta ƙasar Kano da mahaifiyarsu da ƙanwarsa, wato Ummata, tana 'yar shekara shida. Sun yi shekaru a hanya. A Sawakin suka hau jirgin ruwa mai filafilai, mai jirgin ya sauke su a wani tsibirin yashi ya ce Jidda na bayan tudu, ya juya. Babu Jidda, babu ruwan sha. Mutum uku suka rasu a can kafin masunta su gan su, cikinsu har da kakata, wadda suke kira Inna. Kawu ya binne ta, ya rasa abin da zai sa alama, sai ya dasa ɗan dutsen niƙanta a wajen kai, na saman nan da ake riƙewa da hannu biyu, wanda ta ɗauko tun daga gida. Bai sake komawa ba. Bana da likita ya ce yanar da ke idonsa ta kusa rufewa, sai ya same ni bayan la'asar ya ce, "Haruna, kai ne ka yi karatu a gidan nan. Ka kai ni wajen Inna tun ina ganin fari da baƙi."

Ni malamin makaranta ne, shekara biyu da gama kwaleji, ban taɓa kwana a fili ba in ban da Mina. Na yi sati ina kawo dalilan da za su hana. Umma ta saurare su duka, ta ce, "To, yaushe za ku tashi?"

Mota ta Bakur ce, wanda Kawu ke kira Bukari, ɗan unguwar Hindawiyya, abokina tun muna allo. Haifaffen Makka ne kamar ni, amma Hausarsa ta fi tawa ramewa, rabinta Larabci. Tasi yake ja, sai dai yana da wata tsohuwar jib da ya saya a gwanjon masu awon hanya, mai ja da ƙafa huɗu in an sa mata abin da suke kira dabal. Ranar lodi na zo da jarkar ruwa shida, shebur, igiya, famfon taya, hema, risho, maganin kunama, da wasiƙa daga umda, wato mai unguwarmu, mai shaidar cewa Kawu mutumin kirki ne, domin har yau ba shi da takardar zama. Bakur ya dubi tulin ya ce, "Ya Ustaz, hijira za mu yi, walla ziyara?" Kawu kuwa tabarma biyu ya kawo, da kilishi, da gwangwanin yaji, da wani ƙunshi da bai ce mana ko mene ne ba.

Mun fita bayan asuba ta hanyar kudu. Kwalta ba ta yi nisa ba ta ƙare, muka shiga sawun manyan motoci. Da hantsi muka isa wani shinge, sanda a kan ganga biyu, da askari, wato soja, a inuwar rumfa. Wannan wurin ne ya hana ni barci kwana uku. Na miƙa takardata da ta Bakur, na ɗora wasiƙar umda a kai, na fara jawabin da na haddace. Askarin bai buɗe wasiƙar ba. Ya leƙa baya, ya ƙura wa Kawu ido.

"Kai ba kai ne mai siriyar Jarwal ba?"

"Ni ne, ya waladi."

"Shekara biyu na yi gadi a can. Wallahi tun da aka kawo ni nan ban ci nama mai daɗi ba. Yajin nan yana tare da kai?"

Rabin gwangwani muka bari a wurin. Wasiƙar da na yi zuwa uku kafin in samu ta dawo aljihuna da hatiminta.

Mun kwana a Sa'adiyya, wajen miƙatin Yalamlam inda alhazan kudu ke ɗaukar harami. Masaukin gidan gahawa ne na zarbar dabino, da dogayen gadajen igiya a jere a waje, a kansu ake shan shayi, a kansu ake ci, a kansu ake kwana. Kawu ya ce a Gaya baƙo ko bukka ce sai an sa shi a ciki, nan kuwa an shanya mu kamar kuɓewa. Abinci wake ne dafaffe da man shanu da gurasa, sai shayi mai sukari kamar zuma. Mai gahawar ya zuba wa Kawu har sau huɗu yana jira ya girgiza kofi, alamar ya ƙoshi, Kawu kuwa yana karɓa don kada a ce ya raina. Sai da Bakur ya kama hannunsa ya girgiza masa.

A nan na yi kuskuren da har yanzu ake yi mini dariya a kansa, kuma na yarda nawa ne. Da safe Bakur ya tafi alwala bakin rijiya, ni kuma na zagaya motar ina dubawa kamar yadda na saba duba komai. Na ga tayoyin huɗu duk sun kwanta, cikinsu ya bazu a ƙasa. Na ɗauka sun sace ne. Na ciro famfo na hau aiki, na ba kowace iska har ta yi tauri kamar goriba, na mayar da famfon ban gaya wa kowa ba, ina jin na ceci tafiya. Ba mu yi rabin sa'a da barin hanyar manyan motoci ba, mota ta fara nishi, ta tona rami da ƙafafunta huɗu, ta zauna a kan cikinta.

Bakur ya sauka, ya daki taya da ƙafa.

"Wa ya taɓa kafarat ɗin nan?"

"Na ga sun yi laushi ne," na ce.

"Ni na sa su laushi, ya Ustaz. Jiya da magariba, da hannuna. Yashi ba ya son taya mai girman kai. Raƙumi ka taɓa ganin ƙafarsa da tsini?"

Kawu daga cikin mota ya ce, "Bar shi, Bukari. A kwalejin ba su kai babin raƙumi ba."

Muka sace iskar da na sha wahalar durawa, muka yi haƙa da shebur ɗin da aka yi wa dariya, muka shimfiɗa tabarmin Kawu a gaban tayoyi. Bakur ya sa dabal, mota ta hau tabarma ta fita. Sau uku muka yi haka, in ban manta ba, ko da yake Bakur ya ce biyu ne. Tabarma ɗaya ba ta sake moruwa ba.

Da azahar muka isa wani ƙauyen masunta kusa da Lis, bukkoki ba su fi ashirin ba. Aka haɗa mu da wani dattijo, Ammu Salim, siriri, gishiri ya cinye masa gefen ƙafafu. Bai tambaye mu abin da ya kawo mu ba sai da muka ci shinkafa da kifi, wadda suke dafawa da albasar da aka soya har ta yi baƙi. Su da kan kifi suke girmama baƙo. Aka tura wa Kawu kai guda da ido a buɗe, ya dube shi ya ce da Hausa, "Ni da ba na gani, an ba ni mai kallona." Da ya gama ba da labarinsa da Larabcinsa na kasuwa, Ammu Salim ya ajiye kofi.

"Dutsen Takruniyya kake nufi," ya ce. Takruni shi ne sunan da suke kiran mutanenmu da shi. "Baƙi, mai santsi, irin da babu shi a gaɓar nan. Yana can ƙarshen tsibirin ta kudu, kusa da itatuwan shora. Tun ubana muna wasa wuƙa a jikinsa. Ba wanda ya taɓa ɗaga shi. In mun wasa, mu yi wa mai shi Fatiha."

Kawu ya tambaye shi ta ina ake shiga tsibirin.

Tsibirin ba shi da nisa da gaɓa, ana hango shi fari fat. Tsakani akwai mashigi, wani siririn gadon yashi mai tauri da ke fitowa in ruwa ya janye, ba miƙaƙƙe ba, yana lanƙwasa sau biyu. Lokacin da aka sauke su Kawu ruwa ya rufe shi, shi ya sa ba su san da shi ba. Dama da hagunsa taɓo ne mai gishiri wanda samansa ke kama da busasshiyar ƙasa, an ce ya taɓa haɗiye raƙumi da kayansa. Na fito da lissafin da na yi a gida daga littafin labarin ƙasa, na ce bisa ga kwanan wata ruwa zai dawo bayan sa'a shida. Ammu Salim ya saurara da ladabi, sannan ya ce wannan tekun ba ya bin wata sosai, iska yake bi. Muddin iskar arewa na busawa, mashigi a bushe yake ko kwana goma ne. Ranar da aziyab ta taso, wato iskar kudu mai ɗumi, ruwa zai rufe shi kafin a dafa shinkafa, kuma yana iya yin sati bai sauka ba. Shi zai raka mu mu haye, amma gobe da asuba zai fita teku kwana uku. "In kun ji iska ta juya, ku bar ko me kuke yi."

Na yi ta juya wannan magana. In ruwa ya rufe, ko da bai yi zurfi ba, ta yaya za mu gane inda tauri yake? Na roƙi dattijon ya ba ni zarbar dabino daga tarin da suke gyaran bukka da shi, na yayyaga farin mayafin kaina na ajiya, na ɗaura ƙyalle a kan kowace sanda. Shi yana gaba da ƙafa, ni ina binsa da dami a kafaɗa, duk taku talatin in kafa ɗaya a hannun dama, mota na biye da mu a hankali. Bakur ya leƙo ta taga.

"Ya Ustaz, gona kake shatawa? Me za mu shuka, kifi?"

Na ci gaba da kafawa. Sanda talatin da takwas na kafa. Wannan adadin yana cikin shafukan da suka tsira.

Muka kafa hema a tsakiyar tsibirin, a bayan wani tudu. Turakun ba su kama yashi ba, sai da muka ɗaure igiyoyin a jikin jarkoki muka binne. Daga la'asar har rana ta faɗi muna nema a wajen itatuwan shora, masu tsiro a cikin ruwan gishiri, ba mu ga komai ba. Kawu ya ce da akwai tudu mai kai biyu, yanzu babu, iska ta kwashe shi ta kai wani wuri. Yana tafe yana laluben ƙasa da sanda, yana tsayawa, yana juyawa. Da magariba ƙaguwa suka fito ɗari-ɗari, farare, suka kewaye tukunyarmu, ɗaya ta gudu da murfin buta. Bakur ya bi ta yana zagi da harshe biyu. Kawu ko murmushi bai yi ba, kilishin ma bai taɓa ba.

Da safe bayan mun yi salla, ina haɗa risho, sai na ga harshen wutar ya kwanta ta wancan gefen. Na ɗaga kai. Iskar ta yi ɗumi, tana zuwa daga kudu.

Bakur ya riga ya fara tuge hema. "Yalla, halas. Baba, shiga mota."

Kawu yana zaune a kan tabarmar da ta rage. Ya ce, "Ku tafi ku dawo da jirgi in an samu. Ni ba zan zo har nan in koma ban gaishe ta ba."

"Ya Ustaz, gaya masa. Kai ne mai tsoro, yau ranarka ce."

Gaskiya ya faɗa. Amma na san in muka fita yau, idon Kawu ba zai jira wata tafiyar ba. Na tambayi Bakur ruwa zuwa ina motar za ta iya ɗauka. Ya ce zuwa gwiwa, in ya cire bel ɗin fanka, amma ba zurfin ne damuwarsa ba, hanyar ce ba za a gani ba. Na ce hanya tana nan, na shata ta jiya. Na roƙe shi sa'a ɗaya, ya loda kaya ya juya mota ta fuskanci mashigi. Ban san daga ina wannan maganar ta fito mini ba, har yau ina mamaki.

Jiya duk dutse muke nema, dutse kuwa ƙarami ne, yashi na iya rufe shi. Sai na tuna abin da Ammu Salim ya ce, a nan suke wasa wuƙa. Wanda ya wasa wuƙa kifi zai gyara, wanda ya gyara kifi zai hura wuta. Na bar kallon tuddai, na bi bakin itatuwan ina neman toka. Can ƙarshe, inda jiya muka wuce don ƙarni, na sami murhu na duwatsun murjani uku, da tarin ɓawon kifi yana ƙyalli. Na durƙusa ina share yashi da hannu, ina faɗaɗa da'ira. Kamar taku goma daga murhun, ta wajen tudu, yatsana ya daki abu mai santsi.

Na jawo Kawu da hannu. Bai dube shi ba ma, ya durƙusa ya shafa shi tun daga sama, yatsunsa suka tsaya a wani ɗan gibi a gefe.

"Nan ne ya faɗo daga kan jaki a Fashir," ya ce. "Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba." Ya shafa ɗaya gefen, inda wuƙaƙen masunta suka cinye shi ya yi kwari. Na ɗauka ransa zai ɓaci. Sai ya yi 'yar dariya, hawaye na bin gemunsa. "Inna ke nan. Ba ta taɓa yarda kayanta su zauna banza ba."

Ya yi mata sallama, ya gaya mata Talatu, wato Umma, tana lafiya, ta haifi biyar, ga ɗaya ya kawo shi. Muka yi addu'a, har da sauran biyun da ke kusa da ita, waɗanda ƙasarsu ta baje, ba mu iya tantance wurinsu ba sai da ƙiyasi. Na tambaye shi ko za mu ɗauki dutsen mu kai wa Umma. Ya ce a'a, dutsen yana bakin aiki.

Da muka iso mashigi babu mashigi. Ruwa ne shimfiɗe har gaɓa, mai launin madara, yana tafiya a hankali. Amma ga ƙyallayena a jere, suna kaɗawa, sun lanƙwasa sau biyu yadda hanyar ta lanƙwasa. Bakur ya dube su, ya dube ni, ya cire bel ɗin fanka. Na tattare riga na shiga gaba da ƙafa, ina barin kowace sanda a hannun hagu tunda yanzu komawa muke yi, abin da na yi ta nanata wa kaina ke nan. Ruwan ya fara daga idon sawu, ya kai ƙwauri. A lanƙwasa ta biyu na nemi sanda ta gaba na rasa, ruwa ya tafi da ita. Na ɗaga hannu mota ta tsaya, Bakur na ta ba ta wuta don kada ta mutu. Na san taku talatin ne tsakani. Na hango ta gaba da ita, na nufe ta ina ƙirgawa, ina dannawa da dunduniya. A taku na goma sha wani abu ƙafar hagu ta nutse har cinya, na faɗi, a nan littafina ya sha ruwa. Na tashi na matsa dama, na sami tauri, na tsaya a wurin na zama sandar da kaina.

"Ta nan," na ce. "Ka bar ni a hagunka, ka matso har ka taɓa ni."

Ya wuce ni da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Ina jin Kawu a ciki yana salati da ƙarfi. Da tayoyin gaba suka hau busasshiyar ƙasa, matan ƙauyen da suka fito kallo suka rangaɗa guɗa irin tasu. Bakur ya sauko ya rungume ni da jiƙaƙƙun kayana, ya ce, "Gonarka ta yi albarka, ya Ustaz." Sannan ya miƙo mini famfo, ya ce in mun kai hanya mai tauri tayoyi huɗu na jirana, tunda na iya.

A Sa'adiyya Kawu ya ce a tsaya. Ya kwance ƙunshin nan da ya ɓoye mana, sai ga harami sabo fil. Ya ce ya yi wa Inna aikin hajji tun da daɗewa, amma daga cikin Makka ya ɗauka. "Ta wannan hanyar ta nufo, a nan za ta ɗauki niyya da ta iso. Bari in ƙarasa mata tafiyarta." Ya yi wanka a bakin rijiya, ya yi niyyar umra a madadinta, ya yi ta talbiya tun daga nan har shingen askarin nan, wanda ya ɗaga mana sanda bai tambayi komai ba. Ni na riƙe hannunsa a ɗawafi. Da muka shiga gida Umma ta dube shi cikin harami, kansa a aske, ba ta tambaye mu ko mun samu ba. Ta ce, "Ta iso ke nan."

Abin da na iya tunawa ke nan. Bakur yana cewa ruwan ya kai ƙirji, ni a iya sanina bai wuce gwiwa ba sai inda na faɗi, wanda ya je ƙauyen ya tambayi matan da suka yi kallo su raba mu. Amma gyaran da na fi nema wani ne. Kawu ya ce su kusan talatin ne a jirgin nan, kuma ya manta sunayen mutum biyun da ke kwance kusa da Inna, sai dai yana jin ɗaya namiji ne daga wajen Damagaram. In akwai wanda ya hau wannan jirgi, ko ya ji labarin daga iyayensa, a Jarwal ko Hindawiyya ko Jidda, don Allah ya aiko mini, ko ya faɗa wa Kawu a wajen tsirensa. Idonsa ya rufe yanzu, amma yana gane murya. In an sami masu su, na san hanyar, kuma na san sanda nawa ake bukata.